Dutsen Ɗumama Ƙafa

Gemun Auta ya yi fari fat, jikokinsa sun isa cika tabarma, amma har yau in ka shiga layinsu ka tambayi mai gyaran takalmi da sunansa na yanka, sai a tsaya ana kallon-kallo. Auta kowa ya sani. Uwarsu ce ta laƙa masa, yayansa ya riƙe, unguwa ta ɗauka. Su biyu suka rage a ɗakinsu, shi da Yaya, kuma tun yana rarrafe abin da Yaya ya ce shi ne magana. In Yaya ya ce zauna sai ya zauna, in ya ce taso, ko basilla ce a hannunsa sai ya ajiye. Maƙwabta suna yi masa tsiya, wai tsoho da furfurarsa ana aikensa sayen ashana, shi kuwa ko a jikinsa.

Yaya maharbi ne. Ya yi gadi, ya yi tuƙi, ya taɓa lodi a kasuwa, amma duk wannan na rufin asiri ne. Abin da ke ransa shi ne tafkin da ke bayan gari, da agwagin dajin da ke sauka a cikinsa in sanyi ya kankama. A wurin mahaifinsu ya gaji abin, Auta kuma ya gaji ɗaukar buhu da hura wuta. Ba a taɓa cewa Auta ya iya harbi ba, shi ma bai taɓa faɗa ba. Abin da ya iya shi ne ya kai yayansa bakin ruwa ya dawo da shi da ɗuminsa.

Sai ciwon suga ya shigo wa Yaya ba sallama. Bara wani ɗan miki da bai kai ƙwayar wake ba ya fito masa a ƙafar hagu, aka yi ta shafe-shafe a gida, kafin a farga sai da asibiti suka cire yatsu biyu. Ranar sallama likita ya tara su, Yaya da matarsa da Auta, ya yi bayani mai tsawo, rabinsa da yaren asibiti. Abin da ya zauna a kan Auta shi ne na ƙarshen.

"Baba, wannan ƙafar ajiya ce a hannunku. Kada ta sha sanyi, kada ta ji rauni. In kuka dawo mini da ita da ciwo, ba yatsa zan cire ba."

Daga ranar matar Yaya ta naɗe bindigar a tsohon zani ta tura bayan akwati. Yaya bai yi musu ba, kuma rashin musun ne ya fi ba Auta tsoro.

Kullum da hantsi sai ya dogaro sanda ya zo shagon Auta ya zauna a benci. Shagon ɗan tsukuku ne, in mutum ya miƙe hannu biyu sai ya taɓa bango da bango. Warin gam da fata, gwangwanin ƙananan ƙusoshi, rediyon da aka ɗaure da roba, da tulin takalman da masu su suka kawo gyara suka manta da hanyar shagon. A da in Yaya ya zauna a nan ba mai samun bakin magana, daga labarin agwagwa sai na wanda ya harbi kututture ya ɗauka barewa ce. Yanzu sai ya zuba wa titi ido har azahar. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Auta yana ɗinki yana satar kallonsa, abin yana cin sa a rai.

Wata rana ya karɓi takalmin Yaya na dama zai gyara masa dunduniya. Da ya zura hannu ciki sai wani abu ya soke shi. Ƙusa ce ta huda tafin takalmin ta leƙo, gefenta da ɗan busasshen jini.

"Yaya, kana taka wannan kana tafiya, ba za ka yi magana ba?"

Yaya ya kalli ƙusar, ya kau da kai.

"Wannan ɗan abin ne zan tara wa jama'a?"

Auta ya zare ƙusar yana girgiza kai, a ransa yana cewa namiji kenan. Ai haka ya san shi. Mutumin da ƙaya ta taɓa karyewa a diddigensa ya gama farautar yini bai ce uffan ba, ƙusa za ta sa shi ƙorafi? Ya duba tafin ƙafar, ɗan ƙwarzane ne, ya wanke ya sa magani, suka rufe maganar ba tare da ta kai gida ba. Ya warke kuwa. Auta ya ɗauki abin a matsayin jarumta, bai ƙara tunani a kai ba.

Da sanyi ya shigo, ya shigo da ƙarfinsa. Ruwan randa in ka taɓa da safe kamar ya yanke yatsa. Wata yamma suna zaune, kurfotin garwashi a tsakaninsu, sai ga kuka daga sama, jerin agwagi sun ratsa ta kan gari sun nufi tafki. Yaya ya ɗaga kai ya bi su da kallo har rufin kwanon maƙwabta ya tare su. Ya daɗe wuyansa a ɗage bayan sun wuce.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Ka kai ni sau ɗaya. Ba zan ƙara roƙonka ba."

A iya rayuwarsa Auta bai taɓa jin kalmar roƙo daga bakin yayansa ba. Umarni ya saba ji. Da umarnin aka ba shi, wataƙila da ya iya noƙewa ya fake da likita. Roƙon ne ya kashe masa jiki.

Matar Yaya tana tankaɗe a tsakar gida lokacin da ya je mata da zancen. Tun tana amarya suke tsokanar juna, shi yana ce mata Matarmu, ita tana ce masa mijin da ba ya cefane.

"Matarmu, sannu da aiki."

"Yau kuma da wace aka zo? Wannan gaisuwar taka da ladabi a ciki, akwai magana."

Ya tsuguna ya faɗa mata. Ta ajiye rariyar.

"Auta, kunnenka ƙashi ne? Ba tare muka tsaya gaban likita ba?"

"Tare muka tsaya. Sanyi ya ce da rauni. Sanyi kuwa ni ne maganinsa, kin sani. Shekara nawa ina kai shi, ya taɓa dawo miki da mura?"

"Lokacin yatsunsa goma."

"Matarmu, dube shi fa. Zaman nan ma cin sa yake. Jiya na ba shi labarin da ya saba ƙaryata ni a kai, ko ɗaga kai bai yi ba."

Ta juya ta kalli ƙofar ɗakin. Yaya yana ciki a kwance, ya ba su baya, kuma duk su biyun sun san idonsa biyu. Garin da ke hannunta ya zube ƙasa.

"Na fi ka ganin abin da kake gani," in ji ta. "Ni nake kwashe kwanon abincinsa yadda na ajiye shi. To ga shi nan. Amana na ba ka, ba shi na ba wa ba, don shi ba shi da hankali in ya ji kukan tsuntsu. Ka dawo mini da ƙafar nan yadda ka tafi da ita."

"In Allah ya yarda."

"In ka saɓa, ni da kai ne. Ko ruwan gidan nan ka daina sha."

Ta faɗa da wasa, shi ma ya yi dariya, ya ce dama yaushe rabon da a ba shi.

Auta ya rufe karɓar aiki ya zauna wa takalman Yaya. Ya samo na roba masu tsawo, waɗanda suka ɗara ƙafarsa girma, don takalmi in ya matse jini ba ya gudu, ƙafar da jini bai gudu a cikinta ba kuwa ko bargo ka naɗa mata sai ta yi sanyi. Ya yanka fatar tunkiya mai gashi ya shimfiɗa a ciki, ya bi da yatsa lungu-lungu yana neman inda ɗinki ya taso. Inda yatsu biyun suka bar gurbi ya cusa ulu mai laushi. Ya sayi safar ulu sabuwa, biyu. Duk abin da Babansu ya koya musu game da sanyi sai da ya bi shi ɗaya bayan ɗaya, kamar mai bitar karatu.

Ranar tafiya suka fita bayan asuba a kan babur ɗin Auta, gari ya fara haske. Hunturu ya ƙandarar da ciyawa, in ka taka sai ka ji ƙaras-ƙaras. Inda hanya ta ƙare suka jingine babur suka taka da ƙafa, manyan rigunansu a cikin buhu, don dokar Baba ce ba a tafiya da kayan ɗumi a jiki. Wanda ya yi gumi a hanya, in ya zauna gumin ne zai koma ƙanƙara ya ci shi. Safar canji kuwa a cikin riga take, manne da fatar ciki. Yaya yana gaba yana ɗingishi, bindigar da matarsa ta fito masa da ita a kafaɗa, sandar ma a hannun Auta ya bar ta.

"Ka ga tafiyarka kuwa, Yaya? Kamar angon da aka ce ya fito."

"Rufe mini baki, za ka tashi tsuntsaye."

Auta ya ji daɗin tsawar nan har cikin ransa. Rabon da a yi masa ita tun kafin asibiti.

Bukkarsu ta ciyawa tana nan a bakin ruwa, ta ɗan karkace, Auta ya tokare ta da reshe. Ya zaunar da Yaya a kan buhu, ya sa masa babbar riga da hula mai rufe kunne, ya lulluɓa masa bargo, sannan ya zaga bayan tudu inda suke hura wuta don kada tsuntsu ya hangi hayaƙi.

A gindin wata bishiya duwatsunsu suke, guda biyu, inda suka bar su. Wannan ita ce babbar dabarar gidansu, kuma ko abokan farauta ba kowa suka koya wa ba. Mai jiran agwagwa ba ya motsi, wanda ba ya motsi kuwa ta ƙafa sanyi yake kama shi. Sai a gasa faffaɗan dutse a wuta, a naɗe shi a buhun algarara riɓi biyu, mutum ya cire takalmi ya sa busasshiyar safa, ya ɗora ƙafafunsa a kai ya rufe da bargo. Dutsen tudu ake ɗauka, na cikin ruwa fashewa yake in ya ji wuta. Kuma kowa da nasa. Baba ya kan ce mai ƙafa shi ya san zafin dutsensa, saboda haka mai gasa dutsen ba ya gardama, tambaya kawai yake, a ce masa ƙara ko rage.

Auta ya tura na Yaya can tsakiyar garwashi. Da lokacin cirewa ya yi sai ya tuna fuskar likita, ya tuna rariyar da aka ajiye, ya ce bari ya ƙara masa kaɗan. Gara ya yi yawa a rage da ya huce tsakiyar jira. Ya jawo shi da itace biyu, ya naɗe, ya rungumo shi zuwa bukka yana sauya hannu.

Ya durƙusa ya cire wa Yaya takalman, ya zaro safar daga cikin rigarsa da ɗuminta ya sa masa. Ƙafafun sun yi sanyi kamar ƙarfe, hankalinsa ya tashi. Ya ɗora su a kan dutsen ya ja bargo.

"Ya yi, Yaya?"

Yaya ya ɗan motsa gwiwa.

"Wannan ka gasa shi kuwa?"

"Ya sha wuta, har na ƙara masa."

"Ya sha wuta a ina? Hannunka ya tsufa, Auta. Cire buhun nan ɗaya."

Auta ya tsaya. Tafin hannunsa bai daina raɗaɗi ba daga ɗaukowar. Amma hannun da ya sha sanyi ƙarya yake yi, ko ruwan ɗumi ya taɓa sai ya ce tafasasshe ne, wannan kowane maharbi ya sani. Ga ƙafa kamar ƙanƙara, ga mai ƙafa ya yi magana. Sabo turken wawa, in ji masu iya magana, kuma Auta ya fi shekara hamsin a ɗaure a wannan turken. Ya warware riɓi ɗaya, ya mayar da ƙafafun.

"Yanzu fa?"

Yaya bai ɗauke ido daga kan ruwa ba.

"To, da dama."

Auta ya koma ya ɗauko nasa dutsen, ya zauna a gefe. Nasa bai kai na Yaya daɗewa a wuta ba, yana cikin riɓi biyu, duk da haka sai da ya riƙa ɗaga ƙafa yana saukewa. Ya saci kallon bargon Yaya, ko motsi babu. A ransa ya ce Allah ya yi namiji a nan.

Hazo yana tashi daga kan ruwa, rana ta fara leƙowa ba ƙarfi. Can sai hancin Auta ya jiyo ƙauri, siriri, irin na ulu in ya kusanci wuta. Ya ce ko daga bayan tudu ne iska ta kwaso. Ya sake shaƙa. Ya buɗe baki zai yi magana kenan Yaya ya ɗaga yatsa ɗaya.

Agwagin sun iso. Garke guda, suna kewaya tafkin suna ƙasa-ƙasa. In yatsan nan ya tashi, ba tari, ba soshe-soshe, ba magana, ko kunama ce ta harbe ka sai ka haɗiye. Auta yana yaro ya taɓa yin atishawa a irin wannan lokaci, har yau bai manta marin ba. Ya rufe bakinsa.

Tsuntsayen ba su zo musu da sauƙi ba. Suka sauka can nesa inda harsashi ba ya kaiwa, suka tsaya gyaran fiffike, suna nitso suna tasowa, suna matsowa kaɗan-kaɗan kamar masu ciniki. Ƙaurin yana zuwa yana tafiya. Auta ya dubi yayansa, maganar tana bakinsa, sai ya ga fuskar. Kumatun da suka zube sun ɗauko jini, idon ya buɗe, leɓen yana motsi shi kaɗai yadda yake yi in yana lissafin nisa. Mutumin da aka yi shekara ana nema a kan bencin shago ga shi nan ya dawo. Auta ya ce a ransa, bari ya yi harbinsa, yanzu-yanzu ne. Ba yanzu-yanzu ba ne, sun daɗe.

Da bindigar ta tashi, tafkin gaba ɗaya ya tashi da ita. Biyu suka faɗo. Auta ya zura takalmi ya shiga ruwa har gwiwa ya kwaso su, yana jiyo dariyar Yaya daga bukka, dariya sosai har da tari.

"Ka gani? Ka ga na biyun? Juyawa yake zai gudu na tare shi. Je ka faɗa wa likitanka."

"Na gani, Yaya. Hannu na nan."

"Wallahi rabon da in ji ni mutum tun bara. Allah ya yi maka albarka, Auta."

Bai taɓa sa masa albarka da baki ba sai ranar. Auta ya ajiye agwagin yana murmushi, ya durƙusa ya yaye bargon don ya mayar masa da takalmi, ƙaurin ya bugi fuskarsa gaba ɗaya.

Buhun ya cinye ya yi baƙi. Tafin safar ya ƙone, abin da ya rage ya manne da nama. Ya ɗaga ƙafar dama, ta yi jawur ta kumbura da ruwa. Ya ɗaga ta hagu, wadda ta fi zama daram a tsakiyar dutsen, sai fatar tafin ta bi dutsen ta zauna a kai. Auta ya riƙe ƙafar da hannu biyu, ya rasa inda zai ajiye ta.

Yaya ya sunkuyo ya duba. Kallon da ya yi mata irin wanda ake yi wa kayan wani ne da aka tsinta a hanya. Dariyar ba ta gama barin fuskarsa ba.

"Ba ka ji ba?" in ji Auta. "Yaya, duk wannan ba ka ji ba?"

"Ban ji ba."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a cire yatsun. Daga idon sawu zuwa ƙasa, kamar na aro."

"Ƙusar nan ma?"

Yaya ya gyaɗa kai.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"In na faɗa, za ka kawo ni?"

Jiki magayi, haka ake faɗa, Auta kuma ya zauna yana jiran jikin da ya daina magana ya gaya masa. Ya cire rawaninsa na wuya ya jiƙa a tafki ya naɗe ƙafafun, hawaye yana bin gemunsa bai damu ya share ba. Ya juya ya ba da baya.

"Hau, Yaya."

"Ɗauki agwagin tukuna. Kada a yi asara biyu."

Haka ya goya shi har inda babur yake, bindiga a wuya, agwagi biyu suna reto a ɗamararsa. Bai yi nauyi ba, kuma rashin nauyin ma wani ciwo ne. Ba gida ya nufa ba, asibiti ya wuce kai tsaye.

Likitan nan ne dai. Ya warware rawanin, ya daɗe yana dubawa, ya cire tabarau ya murza ido.

"Wa ya yi masa wannan?"

"Ni ne," in ji Auta.

"Ni na ce ya cire buhun," in ji Yaya daga kan gado. "Yaro ne, abin da na sa shi ya yi."

Wata nas da ke riƙe da tire ta kalli farin gemun yaron, ba ta yi dariya ba.

Da aka aika wa matar Yaya ta zo da mayafi a karkace. Auta ya tare ta a baranda, ya shirya wa zagi, ya shirya wa kuka, har mari ya shirya wa. Ta saurare shi har ya gama, ta ce Allah ya sa kaffara ce, ta wuce ciki. Shi kenan. Daga ranar in ya zo da safe sai ta gaishe shi da cikakkiyar gaisuwa, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ta miƙe ta ba shi kujera, ta zuba masa shayi a kofin baƙi. Ba ta ƙara ce masa mijin da ba ya cefane ba. Sau ɗaya ya gwada cewa Matarmu, ta amsa da na'am kamar an kira ta a layin karɓar magani, bai sake ba. Da ta hana shi ruwan gidan kamar yadda ta ce, da ya fi masa sauƙi.

Aka yi ta wanki da naɗi. Ta dama ta yi ɓawo ta fara haɗewa. Ta hagu kuwa kullum aka buɗe sai an ga ta ƙara duhu, warin da ke tashi ya sa na gadon kusa ya nemi a canja masa wuri. Auta ya rufe shago, yana kwana a baranda, yana tare duk mai farar riga da ya gifta yana tambaya ko akwai wata allura, ko akwai wani asibitin. Zazzaɓi ya rufe Yaya har ya fara kiran Babansu. A nan likita ya kira su gefe ya ce ko ƙafa ko mai ƙafa. Matar Yaya ce ta sa hannu, Auta ya fita ya tsaya a bayan ɗakin wanki inda ba mai ganinsa.

Ƙasa da gwiwa suka yanke.

Da yamma aka bar su suka shiga. Iska mai sanyi tana shigowa ta tagar da gilashinta ya fashe, an toshe da kwali. Yaya yana kwance, ya ƙanƙance a cikin farin zanin gado, idonsa a rufe. Zanin ya taso a kan ƙafar dama, a ɗaya gefen kuwa daga gwiwa ya kwanta shafal har ƙarshen katifa. Matarsa ta zauna a wajen kansa tana jan carbi. Auta ya tsaya daga ƙarshen gadon, ya kasa zama, ya kasa kallon wurin, ya kasa kallon wani wuri.

Can Yaya ya buɗe ido, ya yi ta neman fuska har ya samu tasa.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Ƙafar nan sanyi take ji."

Auta ya yi sauri ya kama ta dama ta saman bandeji, yana neman inda zai ja bargo.

"Ba ita ba. Ta hagun." Ya yamutsa fuska. "Rabon da in ji ta haka na manta. Sanyi har cikin ƙashi. Ɗan murza mini."

Carbin ya tsaya. Auta ya dubi matar yayansa, karo na farko tun ranar ta dube shi ido cikin ido, sannan ta ja mayafi ta rufe fuskarta, kafaɗunta suna rawa.

Ya hura iska a tafin hannunsa, ya goga su da juna har suka yi ɗumi. Ya durƙusa a ƙarshen gadon ya ɗora su a kan zanin, inda ba komai sai katifa, ya fara murzawa a hankali.

"Ƙasa kaɗan," in ji Yaya, idonsa ya koma rufe. "Wajen yatsun."

Auta ya matsar da hannunsa ƙasa.